"Jikinmu ya saba da rana": me ke faruwa da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa in aka gasa su a kwano?

Ranar Asabar da safe ina zaune a teburin mai shayinmu na Agege sai ga kawuna da ke harkar tumatir a kasuwar Mile 12 ya zo yana ta faɗa, wai wani ya ce masa ya rinƙa barin yaransa 'yan dako su huta in rana ta take tsaka. Ya juyo kaina yace, "Kai ɗan nan, ku 'yan boko kun cika tsoro. Mu da aka haifa a Sakkwato, wannan ranar ta Legas har rana ce? Jikinmu ya saba." Nace, "Kawu, Allah ya ja kwana, maganarka akwai gaskiya a ciki amma fa rabi ce." Ya harare ni ya ci gaba da kaɗa shayinsa. To tunda bai bari na ƙarasa ba, kuma ba a ja-in-ja da babba a bainar jama'a, shi yasa na kawo sauran nan.

Bari in fara da ƙwan da mai shayi ke fasawa a kasko. Farin nan mai yauƙi da kake hango ƙasan kofi ta cikinsa, yana taɓa wuta sai ya zama fari fat ya daskare, kuma duk dabararka ba za ka mayar da shi ɗanye ba. Abin da ke cikin farin ƙwai furotin ne, kuma kusan duk wani aiki da ake yi a cikin ƙwayar halittar jikinka furotin ne ke yin shi. Ka ɗauke shi kamar dogon carbi mai duwatsu iri 20, amma carbin ba ya aiki a miƙe, sai an naɗe shi wani irin naɗi na musamman. Kamar rawani ne, yadin dai ɗaya ne, in an naɗa shi daidai sarauta ce, in ya warware ya zama tsumma a wuya. Wani Ba'amurke Christian Anfinsen ya samu kyautar Nobel a 1972 kan nuna cewa jerin duwatsun ne da kansa ke yanke yadda naɗin zai kasance. Zafi kuma aikinsa warware naɗin. Kuma matsalar ba warwarewar kaɗai ba ce, in furotin ya buɗe, ɓangarorinsa masu danƙo da da suke ɓoye a ciki sai su fito fili, wannan ya manne da wancan, wancan ya manne da na gaba, su dunƙule su zama curi. Abin da ya samu ƙwan kenan. Jikin mutum ba ya kaiwa zafin kasko, amma daga digiri 37 da muke a kai, in aka haura 41 zuwa 42, furotin masu rauni sun fara saki.

Yadda aka gano cewa ƙwayar halitta tana da maganin wannan abun ma da ban dariya. A 1962 wani ɗan Italiya Ferruccio Ritossa yana aiki da ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen ayaba, sai wani abokin aikinsa ya murɗa zafin inkubetar, wato akwatin ɗumin da tsutsotsin ƙudan suke ciki, ba tare da ya sani ba. Da ya duba a madubin ƙara girma sai yaga wasu wurare a jikin zaren gadonsu sun kumbura, alamar cewa an buɗe wasu shafukan DNA, wato littafin gadon halitta, ana karantawa da gaggawa. Da ni ne wallahi faɗa zan tsaya yi da wanda ya taɓa min na'ura, shi kuwa sai ya sake gwadawa da gangan, abin ya sake faruwa. Sai a 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka nuna cewa kumburin nan wasu furotin na musamman yake haifarwa, a daidai lokacin da ƙwayar ta dakatar da ƙera yawancin sauran kayanta. Su ne ake ce wa furotin ɗin bugun zafi, a taƙaice HSP, kuma ana musu suna da nauyinsu: HSP27, HSP60, HSP70, HSP90 da sauransu. Daga baya aka tarar ba ƙuda kaɗai ba, bakteriya na da su, yis ɗin burodi na da su, gero da dawa na da su, kai ma kana da su, kuma HSP70 ɗinka da na bakteriyar cikin hanjinka kusan rabin jerinsu iri ɗaya ne.

Aikinsu shi ne gyaran rawani. HSP70 yana kama wurin danƙon nan da ya fito ya rufe shi kafin ya manne da wani, ya sake shi, ya sake kamawa, yana ƙona makamashi a kowane zagaye har furotin ɗin ya koma naɗinsa. Ƙananan irin su HSP27 su riƙewa kawai suke, kamar wanda ya riƙe maka kaya kafin mai gyara ya iso. Wanda ya lalace ba gyara kuma a sa masa alama a kai shi injin niƙa. Akwai kuma wani aikin da ya fi shafar maganarmu: ƙwayar halitta tana da tsarin kashe kanta in ta ga ɓarnar ta yi yawa, HSP70 da HSP27 suna iya taka wa wannan tsarin burki, su ce tsaya tukuna a gwada gyara.

Wa ke ba da umarnin a ƙera su? Wani furotin ne mai suna HSF1. A zaman lafiya yana nan a ƙasa, HSP70 da HSP90 sun riƙe shi gam kamar dogarai sun riƙe mai shela. Da gobara ta tashi, wato furotin suka fara warwarewa ko'ina, sai dogaran su sake shi su ruga wajen aiki, shi kuma da ya ga an sake shi sai ya haɗu da 'yan uwansa biyu su zama uku, su je su zauna kan DNA su buɗe shafukan HSP a shiga bugawa. In sababbin ma'aikata sun yi yawa aiki ya lafa, sai rarar su dawo su sake riƙe mai shelar. Kaga ba ma'aunin zafi ƙwayar take da shi ba, ɓarna take aunawa. Shi yasa ba zafi kaɗai ke tayar da wannan tsarin ba, guba irin su asenik da kadmiyom, giya, yankewar jini, duk suna tayar da shi.

To yanzu mu shiga ɗakin gwaji. Rainon ƙwayoyin jiki a wajen jiki da jijiya ma aka fara shi, a 1907 Ross Harrison a Amurka ya ɗora ɗan yankin jijiyar ɗan kwaɗo a cikin ɗigon ruwan jiki ya zauna yana kallon zaren jijiyar yana tsirowa. Yau ana yi ne a ɗan faranti na roba, a zuba wani ruwa mai launin ja-ja da ke ɗauke da suga da gishiri da sauran abinci, a saka a inkubeta mai digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Wanda ya taɓa wannan aikin a ƙasar nan ya san rabin hankalinka yana kan ƙwayoyin, rabi yana kan janareto, sabida in wuta ta ɗauke cikin dare ba mai tayar da inji, aikin sati uku ya tafi. Ƙwayoyin kuwa daga wurare daban-daban ake samo su. Akwai waɗanda ake ciro wa daga ƙwaƙwalwar ɗan tayin ɓera. Akwai zuriyar da ake ta raino shekara da shekaru, kamar SH-SY5Y da asalinta daga kansar jijiya ta wata yarinya 'yar shekara 4 aka samo a shekarun 1970, da PC12 da aka fitar a 1976 daga wani ƙari a jikin ɓera. Sannan tun bayan aikin Shinya Yamanaka na Japan a 2006 da 2007, ana iya ɗaukar ƙwayar fatar mutum a mayar da ita baya a sake juya ta ta zama ƙwayar jijiya.

Gwajin kansa mai sauƙin fahimta ne. Ka raba farantanka gida biyu. Gida ɗaya ka tsoma su a ruwan ɗumi mai digiri 42 ko 43 na kamar rabin awa, zafin da zai gigita su amma ba zai kashe su ba, ka mayar da su 37 su huta na wasu awanni. Ɗaya gidan ka bar su suna hutawarsu. Sai ka kwaso duka ka ba su zafi mai kisa, kamar digiri 45, ka zo ka ƙirga waɗanda suka rayu. Waɗanda suka ɗanɗana zafin farko sun fi rayuwa, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Gerner da Schneider suka nuna haka a 1975 da ƙwayoyin mutum, a 1982 kuma Gloria Li da Zena Werb suka nuna cewa juriyar tana hawa ne tare da hawan HSP, tana sauka tare da saukarsu. Ka lura da wannan saukar fa. Kwanaki kaɗan ne juriyar take yi ta zube, ba gado ba ce da za ka ce ai ni an haife ni da ita.

Akwai ma wata tururuwa mai ruwan azurfa a hamadar Sahara da ke fita kiwo da tsakar rana lokacin da ƙadangarun da ke cin ta sun gudu inuwa. An gano cewa ita tun tana cikin rami take tara HSP ɗinta kafin ta leƙo waje, sabida mintocin da za ta yi a kan rairayin ba za su ishe ta ta fara ƙerawa ba. Zuwa nan dai Kawu ne ke kan gaba, sabo da zafi gaskiya ne har a cikin ƙwayar halitta.

Inda maganarsa ta fara tangaɗi shi ne da aka zo kan ƙwayoyin jijiya su kansu. A ƙwaƙwalwa ba su kaɗai ba ne, akwai wasu ƙwayoyin masu hidima da ake kira giliya, su ke ciyar da su, su share musu wuri, su naɗe musu waya. In ka raini duka biyun a faranti ɗaya ka ba su zafi iri ɗaya, sai ka tarar giliya sun cika da HSP70 maƙil, ƙwayoyin jijiyar da ke kwance a kansu kuwa da yawa ko motsi ba su yi ba, ko kuma su yi kaɗan a makare. A 2003 ɗakin gwajin Heather Durham a Montreal ta Kanada ya nuna haka ƙarara a ƙwayoyin jijiyar laka masu motsa tsoka: zafin da ya tayar da maƙwabtansu su bai tayar da su ba, kuma matsalar daga wajen kunna HSF1 ɗin take, dan da aka saka musu wani HSF1 da aka riga aka kunna sai suka ƙera HSP70 lafiya lau. Wato injin yana nan, makunnin ne ke da tauri. An kuma ga irin wannan a zuriyoyin nan na ɗakin gwaji kamar PC12, suna 'yan yara masu rabuwa suna amsa zafi da ƙarfi, da an sa su sun girma sun fitar da zare sun zama kamar cikakkun ƙwayoyin jijiya sai amsar ta ragu.

Ni wannan ne ya fi ɗaure min kai lokacin da na fara karanta shi, dan in da hankalina za a bi, ƙwayar jijiya ce ya kamata ta fi kowa shiri. Ƙwayar fata ko ta hanji in ta mutu gobe an yi wata. Yawancin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa waɗanda aka haife ka da su da su za a binne ka, ba sa rabuwa, balle su raba dattin da ya taru a cikinsu gida biyu ya ragu. Ga tsawo, akwai wadda zarenta ɗaya daga ƙugu yake tafiya har babban yatsan ƙafa, kusan mita guda, ka ga ko an ƙera HSP a cibiya kafin ya isa can ƙarshen layi kamar ka taso daga Agege za ka Ajah ne ranar Litinin da safe. Ga cin makamashi, ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin ɗari ce na nauyin jiki amma kusan kashi 20 na makamashin take cinyewa, ita kanta murhu ce.

Sai dai ba a bar su tsirara ba. Na ɗaya, ƙwayoyin jijiya suna ɗauke da wani ɗan uwan HSP70 mai suna HSC70 da yawa a kowane lokaci, da zafi da ba zafi, kamar gidan da ya ajiye masu gadi na dindindin maimakon ya jira sai ɓarawo ya shigo ya kira 'yan sintiri. Na biyu, maƙwabta suna taimakawa. A 1986 Michael Tytell da abokan aikinsa suka yi aiki da wata halittar teku mai hannaye goma da ake kira sikwid, wadda ke da zaren jijiya mai kauri har ido na ganinsa, suka nuna cewa giliyan da ke kewaye da zaren suna ƙera irin waɗannan furotin su miƙa masa ciki. Daga baya a faranti ma an ga in aka zuba HSP70 a ruwan da ƙwayoyin jijiya ke ciki suna ɗauka, kuma suna ƙara juriya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa wanda ya raini ƙwayar jijiya ita kaɗai ba giliya, ya gasa ta ya ce ga juriyarta, bai auna abin da ke cikin kai ba, ya auna marainiya ce.

Shi yasa in ka ga an rubuto a Facebook ko TikTok wai bincike ya nuna zafi yana ƙarfafa ƙwaƙwalwa, ku shiga sauna, ɗakin nan da ake ɗumamawa dan a yi zufa, ku yi ta gasa kanku, tambayar farko ita ce a jikin wa aka gwada. In SH-SY5Y ce, ka tuna jikar kansa ce, kuma ƙwayoyin kansa sun shahara wajen tara HSP dan da su suke kare kansu, har akwai magungunan kansa da aka yi ta gwadawa dan su toshe HSP90. In ta ɗan tayin ɓera ce, jaririya ce, ba ta dattijo mai hawan jini da ciwon suga ba, kuma an san wannan amsar tana raguwa da tsufa. Sannan faranti ba shi da jini, ba shi da zufa, ba shi da hanji. A jikin mutum in zafi ya yi yawa jini yana gudowa fata dan ya huce, hanji ya rasa jini bangonsa ya fara yoyo, gubar bakteriya ta shiga jini, kumburi ya tashi ko'ina, jini ya fara daskarewa inda bai kamata ba, ƙoda da hanta su shiga uku. Duk wannan ba ya cikin farantin.

Masu neman magani ma sun sha wannan darasin. Cututtuka irin su Alzheimer da Parkinson da Huntington da ALS duk akwai curin furotin a cikin labarinsu, kuma a ƙuda an nuna ƙara HSP70 yana rage mutuwar jijiya, to sai aka ce bari a nemo maganin da zai sassauta makunnin nan. Akwai wani magani arimoclomol da ya yi kyau a faranti da ɓeraye, aka kai shi babban gwaji kan masu ALS, cutar da ke kashe ƙwayoyin jijiya masu motsa tsoka, a 2021 sakamako ya fito bai yi aiki ba. Sai a 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, shi ma kan wata cutar gado daban da ba kasafai ake samunta ba.

Mu dawo Mile 12. Sabon da Kawu ke magana, yawancinsa ba ma a HSP yake ba. In mutum ya yi sati ɗaya zuwa biyu yana aiki cikin zafi, zufarsa tana fara fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita a cikinta ya ragu, ruwan jininsa ya ƙaru, zuciya ta daina bugun hauka. Wannan duk dabarar hana zafin ciki hawa ne tun farko. Kuma shi ma yana zubewa in ka yi makonni ba ka cikin aikin, ko ka kwanta zazzaɓi, ko gudawa ta tsotse ka. Yaron da ya sauko daga tirela jiya bayan ya kwana biyu a kan kaya ba barci ba abinci, ba ɗaya yake da wanda ya shekara yana dako ba ko da garinsu ɗaya.

Sannan zafin Sakkwato daban na Legas daban. A Sakkwato watan Afrilu ana haura digiri 40 amma iska a bushe take, zufa na fitowa tana bushewa, kuma bushewar ce ke sanyaya jiki, kamar dai randar ƙasa. A nan ma'auni zai nuna maka 32 ko 33 ka raina, amma iskar ta riga ta ƙoshi da ruwan teku da na lagun, zufar sai dai ta yi ta zuba ta jiƙa riga ba ta tafi da zafin ba. Ka ɗora wa mutum kwandon tumatir a ka yana sassarfa tsakanin motoci, tsokarsa na ƙera nata zafin daga ciki, ko ka cusa shi a bayan danfo cikin goslo ba iska, zafin cikinsa zai iya hawa alhali rana ba ta ma fito sosai ba.

In zafin ciki ya haura digiri 40 kuma kai ya fara rikicewa, shi ne bugun zafi na gaske, kuma alamarsa ta farko daga waɗannan ƙwayoyin masu taurin makunni take fitowa: mutum ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tafiya kamar ya sha wani abu, ko ya faɗi yana farfaɗiya. Akwai wasu manyan ƙwayoyi a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya da ake kira ƙwayoyin Purkinje, su ke daidaita tafiya da motsin hannu, suna cikin waɗanda zafi ya fi saurin kashewa, shi yasa wasu da suka tsira daga bugun zafi suke ƙarewa da layi a tafiya da nauyin baki har iya rayuwa. Mun ga abin da ya faru a Hajjin 2024, zafi a Makka ya kusa digiri 52, hukumomin Saudiyya suka ce sama da mutum 1,300 ne suka rasu, kuma da yawansu daga ƙasashen da su ma rana ba baƙuwarsu ba ce. Allah ya jiƙansu.

In ɗan dako ya fara irin wannan a gabanka, kar a tsaya cewa iska ce ko ya sha ƙwaya, kar kuma a tsaya neman farasitamol. Zazzaɓi ƙwaƙwalwa ce da kanta ta ɗaga ma'aunin jiki, shi yasa maganin ke sauko da shi, wannan kuwa zafi ne ya fi ƙarfin jiki, maganin ba abin da zai yi sai ƙara wa hanta kaya. A ja shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi tun daga ka har ƙafa ana fifita, in akwai ƙanƙarar masu fiyawata a sa a wuya da hammata da matsematsi, in ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe. Ana sanyayawar ana neman motar asibiti, kuma ko a cikin motar a ci gaba da zuba ruwan.